Tayoyi Irin na Baba

4 ga Yuni

Auta,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zaman kaɗaici? Mu nan sai godiya. Uwargida ta yi mako guda tana fama da haƙori, an cire shi, yanzu ta dawo yi mini faɗa da cikakken ƙarfinta, ko da yake bakinta kawai nake gani yana motsi. Ribar da na ci ke nan a shekara ashirin da biyu ina tsaye kan injin niƙa: kunnen dama ya mutu murus, na hagu kuma sai an kafa baki a kansa an ɗaga murya. Saboda haka ki daina aiko saƙon in kunna wayar da kika saya mini. Tana cikin aljihun tebur, lafiyarta ƙalau. Ni a bar ni da takarda, ita ba ta gajiya da maimaita magana.

'Yarki tana nan, ta yi tsawo har rigar makarantarta ta ɗage. Har yanzu Aku nake kiran ta, don duk gidan sun shaida mini ba ta rufe baki daga safe zuwa yamma. Na saya mata ƙaramin littafi da biro, in tana da magana da ni sai ta rubuta ta nuna mini. Rabin littafin zanen kyanwa ne. Shekaranjiya ta rubuta, "Kawu, saura wata nawa in ga Mama?" Wata goma sha shida ke nan yarinya 'yar shekara tara ba ta sa ki a ido ba. Sai na ce ta je ta wanke hannu.

To ga abin da na yanke. Tunda wurin aikinku ba su san hutu ba, in an rufe makaranta ƙarshen watan gobe zan kawo miki ita da kaina, a motar Baba. Kwana biyu ne a hanya. Mu kwana gidan Gwaggo da ke tsakiyar hanya, washegari mu ƙarasa.

Kada ki damu da motar. Shekara tara da rasuwar Baba, ban bar ko ƙura ta zauna mata ba. Tana ƙarƙashin rumfar bayan gida, lulluɓe da tampol. Duk Asabar sai na tashe ta, na wanke ta, na shafe tayoyin da baƙin mai har su riƙa ƙyalli. Duk tafiyar da ta yi a hannuna ba ta kai kilomita dubu uku ba, daga kasuwa sai asibiti. Tayoyin su ne waɗanda Baba ya sa da kansa shekara guda kafin ya kwanta, zanensu na nan da zurfinsa, in na sa tsinken ashana kansa nutsewa yake yi. Ta ko-ta-kwana da ke but ɗin bayan motar kuwa ba ta taɓa taka ƙasa ba, har 'yan gashin roban nan na sabunta suna jikinta.

Ki fara share ɗaki. Aku ta ce in gaya miki haƙoranta biyu sun fito.

Yayanki

11 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Uwargida, Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ba ta ladan zama da kai. Ni lafiyata lau, sai ciwon bayan da kujerar ofis ke sa ni. Ka shafa mini kan Aku. Da na karanta tambayarta sai da na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Amma Yaya, da na iso inda ka ambaci motar Baba gabana ya faɗi, har yanzu bai koma daidai ba. Ka san inda nake aiki. Duk motar da ta yi haɗari a manyan hanyoyin nan, farfajiyarmu janwe yake jawo ta, ni ce mai zagaya ta da takarda ina rubuta lambarta da abin da aka tarar a ciki. Abin da idona ya gani ya ishe ni tsoro har ƙarshen rayuwata. Don Allah, don darajar iyayenmu, kada ka taso da motar nan. Tayoyin nan kyan ɗan maciji gare su, sun girmi Aku fa. Baƙin man da kake shafa musu ba gata ba ne, cin robar yake yi, yana kuma ɓoye maka tsagar da ya kamata ka gani. Ga kunnenka, ko taya ta fara kuka a hanya ba ji za ka yi ba. Ga shi ɗakina ɗaya ne tal, gado da risho da bokiti, ban ma san inda zan sauke ka ba, balle a ce tafiyar dole ce ko ta halin ƙaƙa.

Takardar ta cika, na juya baya, ka daure ka biyo ni.

Akwai wani dattijo, shugaban makanikanmu, shekararsa arba'in yana kwance taya yana ɗaurawa. Shi ya fahimtar da ni. Ya ce ba tafiya kaɗai ke kashe taya ba, shekaru ma na kashe ta ko tana tsaye wuri ɗaya. Roba bushewa take yi, kamar silifan da aka manta a kan rufi, zanensa na nan amma kana lanƙwasa shi ya tsage. Motar da ba a cika hawa ba ta fi yaudarar mai ita, don zanen ba ya suɗewa, kullum sabuwa yake gani. A cikin gari, a hankali, ba za ta nuna komai ba. Sai an hau babban titi, kwalta ta ɗau zafi, an yi awa biyu ana gudu, sannan bayan tayar ya rabu da jikinta. Ya ce in taya ta shekara shida a riƙa kai ta wurin masani yana dubawa, in ta kai goma a cire ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta but ma haka, tsufanta take yi a kwance kamar sauran.

Kuma kowace taya tana ɗauke da shekarunta a jikinta. Ka duba gefenta, za ka ga haruffa uku, DOT, a ƙarshen wannan layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 4214, to mako na arba'in da biyu ke nan na shekarar 2014. Ko a shago ka je saye, wannan lambar za ka fara nema, don taya na tsufa a kan kanta ma.

Ina son ganin 'yata fiye da yadda zan iya rubutawa. Ku zo a bas, ko ka sauya tayoyin. Ka amsa mini da wuri, abinci ba ya shiga tun da takardarka ta zo.

Autarka

19 ga Yuni

Auta,

Mun ga gaisuwa. Kowa lafiya.

Na karanta takardarki zuwa inda kika ce ba ki san inda za ki sauke ni ba, na ninke ta na ajiye. Ban juya bayan ba, abin da ke fuskar ya wadatar. Da kin fito fili kin ce ba kya son abokan aikinki su ga yayanki kurma, da garin niƙa a girarsa, cikin tsohuwar mota, da ya fi mini sauƙi a kan ki laɓe bayan taya. Ni na goya ki, ni na koya miki ɗaure takalmi, yau ke ce mai koya mini riƙon kayan Baba. Kunnena kuma da kika ambata, na gode, da ban san ya mutu ba.

Ban roƙi masauki ba. Zan sauke miki 'yarki a bakin ƙofa, in kwana a mota, gari na wayewa in juyo. Na riga na yi wa yarinya alkawari, ta zana kwanakin a littafinta tana soke su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan zama wanda ya karya mata ba.

Yayanki

25 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma durƙushe. Ka yafe mini. Tsoro ne ya riƙe biron, ba ni ba. Wallahi ko a kan gadona ka kwana ni in kwana a ƙasa, girmana ne. Ni da nake nuna wa kowa hotonka a ofis ina cewa ga wanda ya riƙe mini 'ya tun rasuwar mahaifinta, ta yaya zan ji kunyarka? Maganar kunne kuma bakina ne ya yi kaifi, Allah ya huci zuciyarka.

Bari in gaya maka abu ɗaya da na gani, daga shi ba zan ƙara ba. Talatar makon jiya aka jawo wata mota, tsohuwar ƙira, amma ko ƙwarzane babu a gefen da bai daki ƙasa ba. Kujerunta har yanzu da ledarsu. Kana gani ka san ta wani ce mai tattalin kaya irinka. Tayoyi uku lafiya lau, zane da zurfinsa, ta huɗun kuwa bayanta ya ɓare ya naɗe a jikin ƙarfe. Na shiga rubuta kayan ciki. Fulas ɗaya, tabarau ɗaya, jakar makaranta, sai takalmi ƙafa ɗaya, na yarinya, mai ɗan fure a sama. Na duba ƙarƙashin kujeru ban ga ɗayan ba. A aikinmu ba a tambayar ina masu motar, ni ma ban tambaya ba. Na dai rubuta "takalmi ɗaya, ƙafar hagu". Girman takalmin daidai da wanda na aiko wa Aku ne.

An ce wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. To ni kullum a bakin ramin nake wuni, Yaya.

Na daina yi maka karatu, kai ne babba. Ku zo, a motar Baba, ina jiran ku. Alfarma uku kawai nake roƙo. Ka sauya tayoyin da sababbi. In an sa, ka kwafo mini lambobi huɗun da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefen kowace, ba sai ka wahalar da kanka da ma'anarsu ba, ni dai in gani hankalina ya kwanta. Sannan Aku ta zauna a baya, ɗaure da bel, ka sa ta yi maka alkawarin ba za ta kwance shi ba sai mota ta tsaya.

Autarka

12 ga Yuli

Yaya,

Ina fatan lafiya ce ta kawo shirun. Kwana goma sha bakwai ba amsa. Kullum sai na biya wurin mai karɓar saƙo kafin in shiga aiki, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na kira Uwargida sau uku, ta ce lafiyarka lau, kana fita da safe ka dawo da yamma, in ta rubuta maka maganar mota sai ka ture takardar. Ba ta san ko ka sauya ba, ta ce dai ta ga motar a ɗage kan duwatsu.

Duk janwen da ya shigo yanzu sai na leƙa ta taga in ga launin motar da ya jawo, alhali na san ba ku taso ba. In fushi kake yi, ka rubuto ka zage ni, zan karɓa. Shirun ne ba na iyawa.

Autarka

19 ga Yuli

Auta sarkin tsoro,

Lafiya lau muke, kwantar da hankalinki. Fushi ya wuce tun tuni, aikinki ne ya hana ni zama.

Ba zan ɓoye miki ba, da niyyar in kunyata ki na kai tayar gaba wurin mai faci. Ya wanke baƙin man da sabulu, ya sace iskar, ya danna gefen da babban yatsa. Auta, sai ga tsaga ko'ina, kamar faso a dugadugin tsoho. Gani ya kori ji, ga shi dama ni ba jin nake ba. Na tsaya ina kallon abin da na shekara tara ina shafa wa mai, jikina ya yi sanyi. Kin yi gaskiya, na faɗa sau ɗaya, kada ki saba.

Daga nan wahala ta fara. Duk shagon da na shiga sai su mirgino mini wasu na zamani, zane daban, suna daban, wai girmansu ɗaya. Na ce a'a. Baba bai sa wa motar nan wata taya ba sai iri ɗaya tun da ya saye ta, ya sha gaya mini cewa ita ce ta san nauyin motar. Suka ce ai an daina yin wannan da daɗewa. Kwana tara ina yawo, har ƙafata ta kumbura. A ƙarshe aka kwatanta mini wani tsoho a can ƙuryar layin masu kayan mota, yana shirin rufe shago ya huta. Ya sa tsani ya hau saman silin, ya sauko da guda huɗu, naɗe cikin takardarsu, ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Irin na Baba sak, har zanen. Sai da idona ya kawo ruwa. Mai faci ya shinshina su ya ce sababbi ne dal, ya ɗaura. Huɗu ne kaɗai, don haka ta but ɗin na nan yadda take, ai ba takawa za a yi da ita ba.

Ga lambobinki, na durƙusa da tocila na kwafo su ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan makaranta: 3111, 3111, 3211, 0911. Ki jiƙa ki sha.

Wani albishir kuma. An rufe makarantar su Aku da wuri don za a gyara rufi, saboda haka ba sai ƙarshen wata ba, Larabar nan za mu taso da sassafe. Mu kwana gidan Gwaggo, Alhamis da rana ki gan mu. Aku ta yi alkawarin bel, har ta sa hannu a littafinta. Ta haɗa jakarta tun jiya, tana kwana da ita a gefen filo.

Ki tanadi tabarmar da kika ce babu wurin shimfiɗawa.

Yayanki

23 ga Yuli, da tsakar rana
Zuwa ga Yaya, a gidan Gwaggo. Duk wanda ya karɓa ya miƙa masa hannu da hannu.

Yaya,

Allah ya sa kun sauka lafiya, Allah ya sa wannan ta riske ka. Kada ka tashi motar gobe. Kada ka tashe ta ko zuwa bakin titi.

Yanzun nan takardarka ta zo, yau Laraba. Lambobin da ka kwafo, biyun ƙarshe shekara ce. Sha ɗaya. A 2011 aka ƙera tayoyin nan, shekararsu goma sha huɗu a saman silin ƙarƙashin kwano mai zafi. Sun girmi waɗanda ka cire. Na kai wa dattijon makanikanmu ko ni ce na ruɗe, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "'Yata, suna ina yanzu?" Na ce suna hanya. Sai ya jawo mini kujera.

Laifina ne. Bayanin lambar yana bayan takardar da ba ka juya ba, na kuma san ba ka juya ba, amma don gudun ɓacin ranka na ce ba sai ka san ma'anarsu ba. Garin gyaran gira zan rasa ido.

Na kira Uwargida, ta ce kun fita tun ƙarfe shida, wayarka na aljihun tebur. Na kira Gwaggo ya fi sau ashirin, wayarta a kashe, na san sai ɗanta ya zo yake sa mata caji. Ba ni da lambar kowa a unguwarsu. Na bar ofis ba tare da izini ba, ina tasha yanzu, a kan benci nake rubutu. Direban bas ɗin da zai tashi ƙarfe biyu ya ce zai isa garin Gwaggo cikin dare, ya yi mini alkawarin kai ta har ƙofa.

Hanyar yau mai ramuka ce, dole ka tafi a hankali, da wannan nake lallashin kaina. Ta gobe ce babban titi, ba inuwa, ga gangaren nan mai tsawo da manyan motoci. Ku bar motar a gidan Gwaggo ku hau bas. In ka ga dama kada ka ƙara yi mini magana har abada, amma ka yi wannan.

Ita kaɗai gare ni, Yaya.

Auta

25 ga Yuli, daga gidan Gwaggo

Auta,

Muna raye, mu biyun, ko ƙwarzane babu. Na san maƙwabcin Gwaggo ya kira ki jiya, ya kara wa Aku wayar, an ce mini "Mama" kawai ta ce ta miƙa masa abarsa. Sauran ni zan faɗa, don ni na yi.

Takardarki ta iso jiya ƙarfe tara na safe. Bas ɗin ya lalace a hanya. Mu kuwa tun bakwai mun fita.

Ranar farko lafiya lau, har ina yi wa tsoronki dariya a raina. Jiya da muka hau babban titi na ga hanya shimfiɗe, rana ta fito, na ce bari in kai ta wurin uwarta kafin azahar. Na taka har gudun ya kai ɗari. Can na fara jin kujera na ɗan rawa a ƙarƙashina, na ce kwalta ce. Na dubi madubi na ga bakin Aku yana motsi, na gyaɗa mata kai na yi murmushi kamar yadda na saba. Aka jima ta ɗago littafinta. Na ɗauka wata kyanwar ta zana, na ɗaga mata babban yatsa. Ta sake ɗagowa, ta sake. Daga baya ta shiga dukan bayan kujerata da ƙafa, na haɗe rai a madubi na yi mata alama da hannu ta natsu.

Sai ji na yi an shaƙe ni. Ta kwance bel ɗin da ta sa hannu ba za ta kwance ba, ta kama wuyan rigata ta baya da hannu biyu tana ja. Na gangara gefe na tsaya, na fito a fusace, wallahi da niyyar in mare ta na buɗe ƙofar. Ta fito tana kuka ta ja ni zuwa tayar baya, wadda take zaune a kanta. Bayan tayar ya ɗago, tsawon kamu guda yana reto, wayoyi sun fito, gefen ya kumbura ya fi dunƙulen hannuna. Zafinta na dukan fuska. Na janye yarinyar baya ke nan, sai na ga ta yi tsalle ta toshe kunnuwa, motar ta durƙusa a gabana. Ni ban ji komai ba. Daga inda muke tsaye ana hango farkon gangaren, tirela biyu na sauka.

Na zauna a kan tsakuwa. Wani mai ɗaukar kaya ne ya tsaya ya nemo mana janwe, aka dawo da mu nan. Gwaggo ta tare ni a ƙofa da takardarki a hannu. Na karanta ta a tsaye, sau biyu. Kada ki ƙara cewa laifinki ne. Takarda aka ce in juya, girman kai ya hana ni, na kuma yi kwana tara ina neman abin da zai kashe mu saboda ya yi kama da na Baba.

Da yamma na ɗauki littafinta a kujerar baya. Shafi shida ne. Na farko ta rubuta, "Kawu akwai ƙara a taya." Na biyu, "Kawu ƙarar ta ƙaru." Sauran duk "KAWU KA TSAYA" ne, kowanne ya fi na bayansa girma, na ƙarshen biron ya huda takardar. Na rubuta mata, tun daga ina kika fara ji? Ta karɓi biron ta rubuta, "Gadar ƙarfe." Na tambayi mai janwe, ya ce daga gadar zuwa inda ya ɗauko mu kilomita saba'in ne. Saba'in, Auta, tana ɗaure a kan abin tana jin sa, tana kiran wanda aka ba amanarta, shi kuwa yana yi mata murmushi a madubi.

Motar na nan bayan gidan Gwaggo, na ba ta makullin ta ajiye. Wannan takardar za ta riga mu da kwana ɗaya. Lahadi za mu hau bas, mu iso da la'asar. Ki zo tasha.

Abu ɗaya nake roƙo. Tun "Gadar ƙarfe" ɗin nan ba ta ƙara rubuta mini komai ba, na kuma lura bakinta ba ya motsi. Gwaggo ta ce ko ita sai ta tambaye ta sau biyu take amsawa. In kin rungume ta ta fara magana, ki bar ta ta faɗa har ƙarshe, kada ki katse ta don ina tsaye a wurin. Daga baya ki rubuta mini abin da ta ce, duka, kada ki rage komai.

Yayanki